Ranar Ƙarshe ta Shaho

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe wai na bar ku a tsaye a bakin shago, to ga ƙofa na buɗe, ku shigo. Mai hawan jini ya fara shan maganinsa tukuna.

*

Injiniya bai ko ɗago ba da muka shiga. Kansa na cikin wata kwamfuta da ya farke wa ciki, sukudireba a bakinsa.

"A ajiye can gefe, a dawo jibi."

"Wannan ba ta da jibi," in ji Umma.

Sukudireban ya faɗo ƙasa.

Ya miƙe a firgice har kansa ya bugi kanta. Ya goge hannu a riga, ya durƙusa.

"Umma? Ke ce da kanki? Ai da kin aiko sai in zo."

"Da na aika ba za ka zo ba. Yaushe rabonka da gidanmu?"

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa. Injiniya aminin Yayana ne tun suna 'yan firamare, a gidanmu yake wuni. Amma tun da Yaya ya tafi aikin jirgin ruwa wayarsa ta daina shiga, shi ma ya ɗauke ƙafa. Ko a hanya ya hango Umma sai ya canja layi. Ba ƙiyayya ba ce. Idonta ne ba ya iya kalla.

Na dire masa kwamfutar a kan tebur, hannuna har ya sage. Tsohuwa ce, fara ce da ta koma ruwan ƙasa, nauyi kamar an cika ta da duwatsu.

Ni kaina ban gama dawowa daidai ba. Jiya na taso daga aiki da wuri, na ji ƙas-ƙas-ƙas daga ɗakin Yaya, ɗakin da na ɗauka a kulle yake shekara da shekaru. Na tura ƙofa na tarar da Umma zaune, abin sauraro na kunne a kan ɗankwali, tana harbin sojoji a gem. Kafin in buɗe baki kwamfutar ta yi wata ƙara ta mutu, warin ƙuna ya cika ɗakin. Abin da ta ce min kawai shi ne, "Auta, gobe za ki kai ni wurin abokin yayanki."

Injiniya ya shafa gefen akwatin a hankali.

"Wannan ai ta Shaho ce."

Shaho shi ne sunan da Yaya yake amfani da shi a gem, har ya bi shi waje.

"Tare muka haɗa ta," ya ce. "Ni na ɗaura wannan fankar."

"To ka tashe ta. Kafin yamma nake so."

Ya kwance murfin, ya shinshina, ya ce abin da ke raba wuta ne ya ƙone. Ya janyo wani daga ƙarƙashin tebur ya fara ɗaurawa. Amma sukurori sai zube masa suke. Can ya ajiye komai ya juyo.

"Umma, akwai maganar da ta daɗe tana cina."

"Ina jin ka."

"Yana raye."

Na kalli Umma.

"Wallahi yana raye, Umma. Kin san tsohon gem ɗin yaƙin nan da muke bugawa? Duniya ta manta da shi, amma akwai wani dattijo a wata ƙasa da ya bar sabarsa a kunne. Nan ne 'yan wasa suke haɗuwa ta intanet. Shaho yana shiga. Da sunansa. Muna gefe ɗaya da shi, ko jiya ma mun buga."

"Yaya Injiniya..." na fara.

"Tsaya, Auta. Ba ya magana, ba ya amsa tambaya. Na tambaye shi ina yake har na gaji. Na ce ƙila akwai dalilin da ya sa yake ɓuya, shi ya sa ban zo na ɗaga miki hankali ba. Amma yau za a rufe sabar, dattijon ya ce ya gaji. In aka rufe shi ke nan, ba ni da wata hanyar..."

"Jiya ka sake barin bayanka a buɗe a gindin gada," in ji Umma.



"Na'am?" in ji Injiniya.

"Kullum in ka ga tankar yaƙi sai ka manta da tagar da ke hagunka. Sau biyu na ɗauke maka mutum daga can. Na uku ne kwamfutar ta ƙone, ka mutu."

Injiniya ya kalle ni. Ya kalli Umma. Ya kalli akwatin da ke gabansa a buɗe. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ya sulale ya zauna a ƙasa cikin tarin wayoyi.

"A'a."

"Ni ce."

"A'a, Umma. Shaho fa. Wanda ya riƙe hasumiya shi kaɗai. Wanda mutane suke fita daga wasa in sun ga sunansa a ɗaya gefen."

"Wannan ranar ta hasumiya ai ciwon baya nake yi. Da na fi haka."

Ya sa hannu biyu ya riƙe kansa. Na zaci kuka zai yi, sai na ji muryarsa ta fito da zafi.

"Kina gani fa. Kina ganin duk abin da nake rubutawa. Ranar da aka yi min haihuwa na rubuta masa. Ranar da mahaifiyata ta rasu na rubuta masa, na ce abokina ko kalma ɗaya ka ce min. Kina karantawa kika yi shiru?"

"Na karanta."

"To me ya sa?"

"Ranar ba ka ga na tsaya kusa da kai har aka tashi ba? Ko harsashi ɗaya ban bari ya same ka ba."



Umma ta janyo kujerar roba ta zauna. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Ban shiga don in yaudare ka ba, ɗana. Shara na shiga yi. Na ce bari in kunna in ga mene ne wannan abin da babansu ya kira shirme, har ya ce masa ya fita ya nemi abin yi kamar sauran maza. Na danna nan na danna can, sai ga ni a wani gari duk ya rushe, ina riƙe da bindiga. Ban ma san ta inda ake tafiya ba. Sai rubutu ya fito a ƙasa."

"Nawa," in ji Injiniya a hankali.

"Naka. Ka ce, Shaho! Kana ina, ɗan iska?"

Dariya ta kufce masa tare da hawaye.

"A lokacin nan a gida an daina kiran sunansa," ta ci gaba. "In na shigo ana maganarsa sai a yi tsit. Wasu har sun fara sa masa Allah ya ji ƙai. Kai kaɗai ne ka kira shi kamar yana bayan ƙofa. Ka zage shi ma. Ai ba a zagin mamaci."

Ta gyara zama.

"Nan take aka harbe ni. Na tashi, aka sake harbe ni. Ranar na mutu ya fi a ƙirga. Da zan fita sai na ga wani ya rubuta wai Shaho ya lalace. Na ce a'a. Ba a gabana ba."

"Shi ne kika koya?"

"Na yi aikin tafireta a kotu har na yi ritaya, ban taɓa kallon yatsuna ba. Wane maɓalli ne zai gagare ni? Ido ne da kunne suka ba ni wahala. Sai da na koyi bambanta takun mutum a kan katako da takunsa a kan tsakuwa."

"Umma, duk ina ina ake wannan?" na ce.

"Kina makaranta. Daga baya kina wurin aiki. Ke da kike dawowa ki ce in rage barcin rana."

Ta mayar da tabarau.

"Yayanki yana da zuciya irin ta babansa. In yana raye ba zai kira waya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma na san abin da na haifa. Duk inda yake, in ya sami kwamfuta da intanet, wata rana sai ya leƙa garin nan. Na ce in ya leƙo ya tarar da sunansa a tsaye, ba wanda ya taka shi. Yau ce ta ƙarshe. Ko dai yau, ko in haƙura."

Injiniya ya miƙe.  Hannunsa yanzu kamar inji, kafin ka ce me ya ɗaure komai ya jona wuta. Fankar ta yi tari ta fara juyawa.

Ya ture kayan mutane daga babban tebur, ya ɗora mata sikirin mafi girma a shagon, ya haɗa lasifika. Ya kawo sabon maus a kwalinsa.

"Mayar," in ji Umma. "Auta, ba ni nawa a jaka."

Na miƙa mata. Fentin inda yatsa ke zama ya goge har yana ƙyalli.

Gem ɗin ya buɗe.

Ni dai da na ga hoton sai da na kusa yin dariya. Sojojin kawunansu kamar kwali, hannuwa kamar itace, sararin sama toka-toka. Gari ne da bom ya cinye, kogi ya raba shi biyu, gada ɗaya a tsakiya, doguwar hasumiya a can ƙetare. Yaran yanzu ko kyauta aka ba su ba za su buga ba.

Amma da sautin ya fito sai tsigar jikina ta tashi. Jiniya daga nesa. Iska tana kaɗa wata ƙofa. Ƙarar igwa can ƙasa-ƙasa, har cikin ƙirji kake jin ta.

Sunaye suka cika gefen sikirin. Injiniya ya ce bai taɓa ganin sabar ta cika haka ba, har waɗanda suka daina shiga tun tuni sun dawo sallama. A sama agogo yana tafiya baya. In ya ƙare an rufe ke nan har abada.

Sai sunan ya fito. Shaho.

Wallahi masu karatu, harbi ya tsaya.

Duka ɓangarorin biyu. Rubutu ya fara zubowa da harsuna iri-iri, wasu ma ban san haruffansu ba. Wani soja ya matso gaban na Umma ya durƙusa ya tashi. Wani ya biyo. Wani ya ɗaga bindiga sama ya saki harsashi.

"Me suke yi?" na tambaya.

"Gaisuwa," in ji Injiniya.  "Wancan likita ne. Wancan direban jirgin ƙasa. Wancan ya ce da matarsa ta rasu, don ya ga Shaho kawai yake shigowa."

Na kalli Umma. Matar da nake yi wa faɗa in ta manta maganinta. Matar da nake riƙe wa hannu in za mu tsallaka titi.

Ta rubuta kalma biyu.

Mu je.

Aka busa usur.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Jikinta bai motsa ba, fuskarta kamar mai sauraron labarai a rediyo. Yatsun ne kawai. Ta diro ta taga, ta bi ta bayan wata motar da ta ƙone, ta tsaya cak.

"Me kike jira?" na ce.

"Shh. Yana kan katako."

Ni ban ji komai ba. Ta juya ta harba cikin duhun wata ƙofa. Mutum ya faɗo.

"Innalillahi," in ji wani a bayana.

Na waiga. Mai aski na kusa ne, almakashi a hannu, da wanda yake yi wa askin, rabin kai a aske. Bayansu mai sayar da cajar waya. Bayansa wata mata da ta zo karɓar firintarta ta manta abin da ya kawo ta.

"Wannan tsohuwar ce take yi?" in ji mai aski.

"Ka iya bakinka," in ji Injiniya. "Shaho ce."

A bakin gada aka tsare su. Babbar bindiga ce a ƙetare tana feshi, duk wanda ya sa ƙafa sai ya kwanta. Mutanen Umma suka taru a bayan bango kamar kaji.

Ta cilla gurnetin hayaƙi. Ba kan gadar ba, can gefe. Mai bindigar ya juya yana feshin hayaƙi, ita kuwa ta riga ta bi ta ƙarƙashi, tana taka ƙarafan gadar ɗaya bayan ɗaya, ruwa na gudu a ƙasanta. Ta ɓullo a bayansa. Ba ta ma harbe shi ba, gindin bindiga ta sa masa.

Shagon ya kaure da ihu. Mai rabin aski ya rungume mai aski.

"Ku yi min shiru ba na jin taku," in ji Umma.

Aka yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Ta haura hasumiya. Daga can sama garin duka yana tafin hannunta. Ta ɗora doguwar bindiga a taga. Harbi ɗaya, ta ja, harbi ɗaya, ta ja. Duk ƙara sai suna ya faɗi. Amma na lura da abin da sauran ba su lura da shi ba. Tsakanin harbi da harbi idonta yana komawa gefen sikirin, inda sunayen masu shigowa ke fitowa.

Agogo yana ta cin kansa.

"Umma," na ce a hankali, "ko bai zo ba..."

"Na sani."

Agogon ya koma ruwan ɗorawa. Mutane suka fara rubuta ban kwana. Injiniya ya juya baya yana share ido da gwiwar hannu.

Sai lasifika ta yi ƙaramar ƙara, alamar wani ya shigo.

A ɗaya ɓangaren.

Shaho.

"Wani ne yake wasa da hankalin mutane," in ji Injiniya da sauri. "A gem ɗin nan kowa yana iya sa sunan da ya ga dama. An sha yi. Yanzu za ki kwantar da shi."

Umma ta sa ido a madubin bindiga tana neman sa.

Ga shi can. Ya fito daga wani lungu da ban ma san akwai shi ba. Ba gudu yake ba. Ya bi jikin bango, ya tsaya, ya tsallake wani fili daidai lokacin da igwa ta tashi don kada a ji takunsa.

Ta harba. Ta kuskure.

Duk shagon sai da aka ja numfashi.

"Ba ta kuskure," in ji Injiniya. "Wallahi ba ta taɓa..."

Ta sake harbawa. Babu shi a wurin.

"Ina ya shiga?" in ji mai aski.

Yatsun Umma suka tsaya. Ta karkatar da kai, ta rufe ido.

"Ba ta matakala yake hawowa ba," ta ce. "Ta jikin bango yake bi."

Injiniya ya dafa tebur.

"Mutum ɗaya na sani da ya iya hawa hasumiyar nan ta waje. Ya yi ta koya min na kasa."

Ta san ta inda zai ɓullo. Na ga ta sani, don bakin bindigarta yana kan tagar tun kafin inuwarsa ta bayyana. Hular ƙarfe ta leƙo. Kafaɗa ta biyo.

Umma ta ɗauke hannunta daga kan maus ta ɗora a cinya.

Tau!

Sikirin ya yi ja. Sojan Umma ya kife. Na biyun ya tsaya a kansa bai tafi ba.

Lasifika ta yi shuu. Wani ya kunna makirufo. Muka ji ƙugin inji a bayansa, mai nauyi, kamar cikin babban ɗaki na ƙarfe. Ya yi tari. Sannan ya yi magana, da harshenmu, cikin duk waɗannan baƙin.

"Kai wane ne? Wa ya ba ka sunana?"

Muryar ta yi kauri. Ta tsufa. Amma wannan jan da yake yi a ƙarshen tambaya, ko a mafarki na ji shi zan gane.



Injiniya ya fizgo makirufo daga durowa, wayar ta sarƙe, ya warware ta, ya jona, ya tura gaban Umma.

"Danna nan ki yi magana. Umma, agogo! Ki yi sauri!"

Agogon ya koma ja.

Matar da ta ƙetare gada ƙarƙashin ruwan harsashi, yanzu yatsanta ya kasa samun maɓalli ɗaya. Sai da na kama hannun na ɗora mata.

"Na riƙe maka ne," ta ce. "Ban bari an taka shi ba."

Ƙugin injin kawai.

Sojan da ke tsaye ya saki bindigarsa ta faɗi ƙasa.

"Umma?"

"Na'am."

"Umma... ke ce?"

"Ni ce, ɗan nan. Kana ina?"

Muka ji numfashinsa yana sarƙewa. 

"Zan faɗa miki. Wallahi zan faɗa miki komai. Amma ki fara ba ni Baba. Yana kusa? Ki ce masa minti ɗaya kawai, gafara zan roƙe shi."

Umma ta juyo ta kalle ni.

Baba da ya cika yana kiran sunansa, tuni muka binne shi.

Jan agogon ya fara ƙyaftawa.